Yadda ake gane man da ya dace da babur, da abin yi idan injin ya fara ƙwanƙwasa

Ƙorafin da masu babura suka fi kawo mini gareji da shi a watannin zafi kusan iri ɗaya ne: babur ba ya ja kamar da, kuma in an ɗauki fasinja ko buhu aka hau tudu, sai a ji wata siririyar ƙara daga kan injin, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Wasu kafin su iso sun riga sun sayi sabon fistin, wasu an ce musu su nemi "mai mai ƙarfi", wasu ma sun jefa kafur a tanki. Galibi kuwa abin da ke damun injin ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ana binsa ne daki-daki, a fara da mai araha kafin a kai ga kwance inji. Ga yadda nake yi.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa sifana

A cikin silinda, fistin yana matse iska da fetur wuri guda, fulogi ya ba da wuta, wutar ta bazu a hankali daga tsakiya zuwa gefe tana tura fistin ƙasa. Haka ake so. Amma in zafi da matsi suka yi yawa, ragowar man da ke gefe ba ya jiran wutar ta iso, sai ya fashe da kansa. Wannan fashewar ce ke bugun fistin da bangon silinda, ita ce ƙarar da kake ji. In ta daɗe tana faruwa takan cinye gefen fistin, ta karya ringi, ta ƙona gasket, wani lokaci har ta huda kan fistin, injin ya buga.

Lambar oktan ma'auni ce ta yadda fetur ke jure matsi da zafi bai fashe da kansa ba. Tun a shekarun 1920 aka tsara ta a Amurka: an ba wani sinadari mai juriya sosai lamba 100, wani mai saurin fashewa aka ba shi sifili. Fetur mai lamba 91 yana nufin juriyarsa daidai take da gaurayen kashi 91 na na farko da kashi 9 na na biyu. Iyakar abin da lambar ke faɗa ke nan. Ba ta auna ƙarfin da ke cikin lita, domin fetur mai 91 da mai 95 kusan ƙarfi ɗaya suke ɗauke da shi. Saboda haka injin da 91 ya ishe shi ba zai ƙara gudu ba don an zuba masa 95. Amma injin da ke buƙatar 91 in aka ba shi abin da bai kai ba, nan ne ɓarna take. Aikinka shi ne kada man ya gaza abin da injin ke nema, kuma kada ka bar injin ya lalace har ya fara neman fiye da abin da aka ƙera shi a kai.

Kayan aiki

Kwalba ta gilashi, fara tas, mai murfi, busasshiya. Kada ka yi amfani da robar ruwan sha, ba ta nuna laka sosai, kuma akwai haɗarin yaro ya ɗauka ya kurɓa.
Farar takarda mara rubutu, da alƙalamin da ke kama gilashi ko ɗan salatif.
Jarka mai tsabta da mazurari, da tsumman da ba ya zubar da zare.
Sifanar fulogi, sifana lamba 8, 10 da 12, sukundireba mai faɗi da mai kuros, da filaya.
Fila geji na auna tazarar fulogi da ta bawul, da ɗan buroshin waya.
Lita biyu ko uku na fetur daga gidan man da ka amince da shi, wanda ababen hawa ke yawan shiga.
Littafin babur, in yana nan. Geji na auna matsin silinda ma yana da amfani, amma ana iya yi babu shi.

A fili ake wannan aiki, nesa da murhu, da mai walda, da mai shan taba, da janareto mai aiki. Ka ajiye bokitin yashi kusa. Kuma don Allah kada ka zuƙo fetur da baki ta tiyo. In ya shiga huhu illarsa ba ƙarama ba ce.

Mataki na 1: gano abin da injinka ke nema

Duba littafi ko takardar da ke manne a kan tanki. Baburan da muka fi hawa, irin su Bajaj Boxer, TVS, Haojue, Jincheng da masu injin irin na Honda CG125, matsinsu yana tsakanin 9 da 10 ne, wato fistin na matse abin da ya shiga silinda sau tara zuwa goma. Fetur mai 91 ya wadace su, kuma shi ne mafi ƙarancin abin da ƙa'ida ta yarda a sayar a Najeriya. A Nijar ma Super 91 ake sayarwa, irin wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke tacewa tun 2011. Manyan baburan gudu masu matsi 12 ko 13 su ne ke neman 95 ko 98.

Akwai tarko ɗaya ga masu baburan da aka shigo da su daga Amurka. Can lissafinsu daban ne, lambarsu takan yi ƙasa da tamu da kusan huɗu zuwa biyar. In littafi ya ce 87, daidai yake da 91 ko 92 a nan. In ya ce 91, to 95 yake nufi a ma'auninmu. Ka duba ko an rubuta RON kusa da lambar, shi ne wanda muke amfani da shi.

In babu littafi babu takarda, kuma babur ɗinka na haya ne ko na zirga-zirga mai cc 100 zuwa 200 da ba a taɓa masa kan inji ba, ka ɗauka 91 ne.

Mataki na 2: tabbatar ƙarar ta mai ce

Kar ka yi gaggawa a nan, domin ƙararraki huɗu ne ke rikita sabon hannu. Ka hau babur minti goma sha biyar har ya yi zafi sosai. Sai ka nemi ɗan tudu, ko ka ɗauki mutum a baya, ka sa giyar ƙarshe kana tafiya a hankali, sannan ka murɗa totur da sauri. In siririyar ƙarar ta fito daidai lokacin da ka murɗa, ta ɗauke da ka saki ko ka sauko giya ɗaya, to ƙwanƙwasar mai ce. Kada ka riƙe shi a cikin ƙarar fiye da daƙiƙa biyu ko uku. Ka ji, ka sake.

Ƙarar bawul tana nan ko babur na tsaye a silo, ƙyas-ƙyas a jere, tana ƙaruwa da gudun inji, ba ruwanta da kaya. Sarƙar tayimin in ta saki, shaf-shaf take yi daga gefe guda. Ƙarar konrod kuwa mai nauyi ce, daga ƙasa take fitowa, kuma wannan ba a wasa da ita, a kashe inji kawai. In ɗaya daga cikin ukun nan ce, canza mai ba zai yi komai ba.

Wata alama: ka kashe makulli amma injin ya ci gaba da ɗan tari kafin ya mutu. Wannan yana nuna akwai wani abu da ya yi ja a cikin silinda yana kunna mai da kansa, galibi dattin gawayi ko bakin fulogi. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa a mataki na 5 da na 7.

Mataki na 3: gwada man da ke tanki

Gaskiyar magana, babu mai iya auna lambar oktan a gareji; inji na musamman ake yi da shi a ɗakin gwaji. Abin da za ka iya shi ne kama abubuwan da ke karya lambar, kuma su ne suka fi damunmu. Launin fetur ba hujja ba ne, rini ne kawai ake sa masa.

Rufe makunnin mai, ka zare tiyon da ke zuwa kafireta, ka sa bakinsa a kwalba, ka buɗe a kan rizab domin ka samu na ƙasan tanki. Rabin kwalba ya isa. Ajiye ta minti biyar, sannan ka ɗaga ta wajen haske. Fetur mai kyau garau yake. In ka ga ƙwallayen ruwa ko wani layi kwance a ƙasa, ruwa ne, don ya fi fetur nauyi. In ya yi hazo-hazo, akwai ruwa a gauraye. Jan gari a ƙasa tsatsar tanki ce.

Sai gwajin takarda, wanda na fi dogara da shi. Ɗiga ɗigo biyu a kan farar takarda ka ajiye a inuwa. Fetur zalla zai bushe cikin ƴan mintuna, ya bar takarda kusan yadda ya same ta. In bayan minti goma akwai tabon maiƙo, in ka ɗaga takardar haske na ratsa wurin, to an haɗa da kananzir ko man gas. Juriyar waɗannan biyun ƙasa take ƙwarai, kaɗan daga cikinsu ya isa ya ja lita guda ƙasa da abin da injinka zai iya ɗauka. Alamominsa a hanya su ne wahalar tashi da safe, hayaƙi mai wari, da baƙin mai da ke yin ruwa-ruwa da wuri domin kananzir ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa ta gefen ringi. Lura: in babur ɗinka irin mai tu-sitirok ne kamar AX100, kuma kana haɗa masa man inji da fetur a cikin tanki, dole takarda ta nuna maiƙo. A irin wannan sai ka gwada man tun kafin ka haɗa.

In kana da sikeli mai kyau na dijital, lita ɗaya ta fetur tana tsakanin giram 720 zuwa 780, ban da nauyin kwalba. Abin da ya haura haka da yawa akwai mai nauyi a ciki.

Gwaji na ƙarshe na sinadaran giya ne, wato itanol da metanol. Zuba ruwa kamar yatsa ɗaya a busasshiyar kwalba, ka ja layi daidai samansa, ka cika da fetur har ya kai ninki tara na ruwan, ka rufe, ka girgiza, ka ajiye minti goma. In ruwan ya haura layin da ka ja, ya janyo sinadarin daga cikin fetur ke nan. Su waɗannan ba sa rage oktan, ƙara shi ma suke yi, amma in sun yi yawa suna cin robobin kafireta, suna jawo ruwa cikin tanki, kuma suna sa inji ya yi ta aiki da ƙarancin mai har ya yi zafi. Wanda ya ga abin da fetur mai yawan metanol ya yi wa injuna a Najeriya a watan Fabrairun 2022 ba ya buƙatar dogon bayani.

Game da man bumburutu, ko ruwa-ruwa kamar yadda ake cewa a Nijar: ba kowane mai sayarwa ne ke haɗi ba, kuma a ƙauyuka da yawa su kaɗai ne madogara. Matsalar ita ce ko da babu algus, fetur da ya yini a kwalba ko galan cikin rana yana rasa sassansa masu saurin tashi, ya tsufa, ya fara yin danƙo. In babu yadda za ka yi, saya wurin mai ciniki da yawa wanda ke ajiye jarkarsa a inuwa a rufe, ka sa a tace da ƙyalle, ka sayi abin da zai kai ka gidan mai kawai.

Mataki na 4: juye, ka sake gwadawa

Ko gwaje-gwajen nan sun nuna wani abu ko ba su nuna ba, ka juye tankin duka a jarka. Kwance ƙaramin sukurun da ke ƙasan kofin kafireta ka zubar da wanda ke ciki, ka wanke ƴar matatar da ke makunnin mai. Zuba sabon man da ka tanada, ka koma tudun nan, da kaya iri ɗaya, da giya iri ɗaya, injin da zafi. In ƙarar ta tafi, mai ne, aikinka ya ƙare, sai dai ka canza wurin saye. In an yi tafiya mai nisa da man da ke da kananzir, ka yi juyen baƙin mai ma.

Man da ka juye kada ka zuba a kwata, kuma kada ya shiga risho ko fitila ko da wasa. Fetur a cikin risho gobara ce. Rubuta a jikin jarkar, ka ajiye don wanke sarƙa da kayan ƙarfe a fili.

In ƙarar tana nan da mai mai kyau, to injin ne ya fara neman fiye da ƙa'idarsa. Ci gaba.

Mataki na 5: karanta fulogi

Yi tafiyar kilomita biyu ko uku da gudu matsakaici, ka kama kulochi, ka kashe makulli, ka gangara ka tsaya ba tare da barinsa a silo ba. Jira ya huce kafin ka kwance. Kan injin alminiyam ne, in ka murɗe fulogi da zafi haƙoran ramin na iya biyo shi. Bakin fulogi mai launin ƙasa-ƙasa lafiya ne. Baƙi mai gari yana nuna mai ya yi yawa. Fari fat yana nuna mai ya yi kaɗan, injin na ƙuna. In ka ga ƙananan ɗigo baƙaƙe ko masu ƙyalli a kan farin tangaran ɗin, fistin ne ya fara narkewa yana fesowa, kada a sake hawa sai an gyara.

Duba lambar fulogin ma. Ƙananan injuna masu cc 100 da yawa suna amfani da NGK C7HSA, masu irin CG125 kuma D8EA, tazarar baki milimita 0.6 zuwa 0.7, amma littafinka ne alƙali. A lambobin NGK, ƙaramar lamba ta fi riƙe zafi, don haka sa 6 a gurbin 7 na iya sa bakin ya yi ja. Fulogin jabu ma yakan yi haka ko da lambarsa daidai ce. Wajen mayarwa, fara ɗaurawa da yatsu har ya zauna, sannan sifana.

Mataki na 6: ƙarancin mai da zafi

Nan ne na fi samun laifin. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, masu acaba da yawa ke zuwa wurin bakanike su ce a rage wa babur shan mai. Sai a sa ƙaramin jet, wato ɗan sukuru mai huji da mai ke bi a kafireta, ko a sauke allurar kafireta har ƙasa. Na fahimci dalilin, kuɗin mai ya ci ribar yini. Amma gaurayen da iska ta yi wa yawa yana ƙuna da zafi mai tsanani, kuma abin da aka tara a mako takwas fistin da ringi za su cinye shi a rana ɗaya. Mayar da jet na asali. Allura kuma a mayar da ƴar makullinta tsagin tsakiya. In fulogi bai daina fari ba, a sauke makullin tsagi ɗaya ƙasa, allurar za ta ɗaga, mai ya ƙaru. Sukurun da ke gefen kafireta silo kawai yake gyarawa, murɗa shi ba ya magance ƙarar da ke fitowa a kan tudu.

Duba robar da ke haɗa kafireta da inji. In ta tsage, iska na shiga ta bayan fage. Tayar da inji ka fesa ɗan ruwa a wurin. In sautin ya canza, akwai ɓaraka. Soson iska kuma a wanke a mayar, kada a cire shi gaba ɗaya wai don babur ya yi numfashi, musamman da ƙurar hunturu.

Sai sanyaya. Waɗannan injuna iska ce ke hura su, laka da maiƙon da suka toshe tsakanin haƙarƙarin silinda suna riƙe zafi. Kankare su tas bayan injin ya huce. Duba baƙin mai, yawansa da kaurinsa. Auna tazarar bawul da sanyi. Bawul ɗin hayaƙi in ya matse ba ya zama ya huce, sai ya yi ja. Birki mai kamawa da tayar da ba iska su ma kaya ne a kan inji.

Yanayi yana da hannu. Babur ɗin da ke tafiya shiru a Jos, inda tsayin ƙasa ya kai mita 1,200 iska kuma ba ta da nauyi, yana iya ƙwanƙwasa a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu da zafi ya haura digiri 40, da mai iri ɗaya.

Mataki na 7: gawayi, kan inji da lokacin wuta

In duk an bi waɗannan ƙarar ba ta tafi ba, sai a buɗe. Mai geji ya fara aunawa: matsin da ya haura na littafi alama ce ta gawayi ya taru a kan fistin ya rage fili. Cire kan injin, ka juya fistin ya hau har sama, ka jiƙa gawayin da ɗan kananzir, ka kankare da katako ko guntun alminiyam. Sukundireba yana barin zane, zanen kuma shi ke fara yin ja. Share kada gari ya faɗa gefen ringi. Sa sabon gasket, ka ɗaure notuna a gicciye, kaɗan-kaɗan. Ka tambayi kanka daga ina gawayin ya zo. In injin na shan baƙin mai ta ringi ko robar bawul, zai dawo.

Tambayi tarihin babur ɗin ma. In an taɓa goge kan injin a wurin masu injin goge ƙarfe saboda ya lanƙwashe, ko an sa fistin mai tudu, ko gasket siriri, matsi ya ƙaru, 91 ba zai ƙara isarsa ba. Maganin shi ne gasket mai kauri ko wani kan. Haka in an sa akwatin CDI, mai tsara lokacin ba da wuta, irin wanda ake kira na gudu, ko wanda ba na samfurin ba, wuta na iya riga lokacinta. Ari na asali daga babur irin naka ka gwada a tudun nan kafin ka saya.

Mataki na 8: in injinka na neman 95 kuma babu

A Gana ana samun 91 da 95 a gidajen mai, amma a yawancin garuruwanmu famfo ɗaya ne, iri ɗaya. Wasu manyan babura na zamani suna da na'urar da ke jin ƙwanƙwasa ta jinkirta wuta da kanta; su za su yi tafiya da 91, sai dai ƙarfi ya ɗan ragu. Wanda ba shi da ita, hannunka ne na'urar: kada ka ja shi a babbar giya da ƙaramin gudu, sauko giya kafin tudu, murɗa totur a hankali, ka guji tsakar rana da kaya. In ka samu 95 kaɗan, haɗa shi rabi da rabi da 91 yana ba da kusan 93.

Ƙananan kwalaben ƙarin oktan da ake sayarwa a shagunan kayan gyara, a karanta su da kyau. Da yawa in sun ce suna ƙara maki uku, kashi uku cikin goma na lamba ɗaya suke nufi, wato daga 91 zuwa 91.3. Masu sinadarin ƙarfe a ciki suna barin jan tabo a fulogi, suna kuma lalata na'urorin salansar baburan zamani. Kafur kuwa ba ya narkewa duka, ragowarsa jet yake toshewa. Tinar fenti tana cin tiyo da robar allurar kofin kafireta, cikin ƴan kwanaki sai ka ga mai na zuba ta ƙasa. Ga ƙaramin babur mai matsi 9, ko ɗaya daga cikinsu ba ya da gurbi a tanki. In yana ƙwanƙwasa da 91 mai kyau, koma mataki na 5 ka sake bi a hankali.